Ciwon baya, allurar Sinawa da hawan jini: ina neman shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara tara ke nan ina zuwa Guangzhou ta ƙasar Sin sarin kayan waya, kuma tsakanin ɗaga kwalaye da doguwar zama a jirgi ciwon baya ya kama ni, har ta kai ina sallah a kan kujera. Na sha magungunan kashe zafi har cikina ya fara ƙuna. A wannan zuwan tafintana ya kai ni wurin wani likitan gargajiya, ya taɓa jijiyar hannuna, ya duba harshena, sannan ya kwantar da ni rub da ciki ya soka mini allurai sirara kamar gashi a gadon baya da bayan gwiwa, ya bar su kusan minti 20. Sau huɗu ke nan, kuma jiya na yi ruku'u ban dafa bango ba. Sai dai ya haɗa ni da ƙunshin saiwoyi da ɓawon itace in dafa in sha safe da yamma, ya kuma ce in sayi wata 'yar na'ura da ake manna wa fata, wutarta ko jin ta ba a yi. Saura kwana 6 in dawo gida. In sayi saiwoyin na wata uku, ko in bari? Ina da hawan jini.

Mai harhaɗa magunguna: Wa alaikumus salam. Alhaji, abin da ya kamata ka fara da shi ka jefa a ƙarshe. Wane maganin hawan jini kake sha, kuma mene ne a cikin ƙunshin? Akwai saiwa mai zaƙi da suke kira gan cao, tana shiga haɗe-haɗensu da yawa, kuma idan aka daɗe ana shan ta tana ɗaga jini. Akwai kuma tsiron da suke kira ma huang, wanda Amurka ta hana sa shi cikin magungunan ƙarin kuzari a 2004 saboda illarsa ga zuciya. A Beljiyam kuwa, farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 ƙodarsu ta lalace saboda an musanya wani tsiro da wani a maganin rage ƙiba. Allurar ba na tsoronta muddin sabuwa ake ɓarewa a gabanka.

Wata Hajiya: Ni dai ɗana, da na ji an ce na'ura sai gabana ya faɗi. Wasu sun zo unguwarmu da wata, ka riƙe ƙarfe a hannu ta lissafo maka cututtuka goma, na sayi maganinsu da kuɗin adashena, gwiwar tana nan yadda take, su kuwa ko ƙurarsu.

Wani dattijo: Me ya kai ka nesa? Ka dawo wanzami ya yi maka ƙaho, da shi iyayenmu suka rayu.

Mai tambaya: Hajiya, wannan ba irin waccan ba ce, wuri ne mai rajista kuma Sinawa ne cike a layi. Malam, ba ka ga wata 'yar Sin, Tu Youyou, ta samu kyautar Nobel a 2015 saboda maganin zazzaɓin cizon sauro da ta fitar daga tazargade ba? Ashe saiwoyin nan ba banza ba ne.

Mai harhaɗa magunguna: Gaskiya ne, amma ita sinadari guda ta tace, aka gwada shi aka san adadin da za a sha, kai kuwa ƙunshi aka miƙo maka ba ka san sunan ko ɗaya ba. Ko allurar ma likitoci ba su haɗu a kanta ba: ƙungiyar likitocin Amurka ta sa ta cikin abin da za a gwada wa mai ciwon baya a 2017, alhali hukumar da ke ba likitocin Ingila shawara ta ce kada a yi ta a 2016. Na'urar kuwa hujjar amfaninta ba ta da ƙarfi, kuma mai batirin zuciya bai kamata ya kusance ta ba. Ka sa likitan ya rubuta maka sunayen saiwoyin, ka auna jininka yau. An taɓa ɗaukar hoton bayan naka ma?

Mai tambaya: Hoto ba a yi ba, domin ban samu lokaci ba, kuma ina jin nauyin in ce wa dattijon likitan ya rubuta mini sirrin sana'arsa bayan na ga sauƙi a hannunsa. Na riga na ba da kafin alƙalami na wata ɗaya. Wanda ya taɓa shigowa da irin wannan ƙunshi ta filin jirgin Kano, ana riƙewa?