Na koma karatu bayan shekara 14: yaya zan haɗa shi da gida, girki da doguwar hanya?

Uwar Uku:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan hali. Shekarata 36, ina da aure da 'ya'ya uku, kuma bana na koma kwaleji bayan na yi shekara 14 rabona da aji. Kwana huɗu nake zuwa makaranta a mako, tafiyar kuwa awa ɗaya da rabi ce zuwa, haka ma dawowa. Idan na shigo gida da yamma, tun ban sauke jaka ba ƙaramin zai riƙe mini riga yana kukan yunwa, sai in wuce kicin kai tsaye. Kafin in gama girki, a ci, in wanke kwanuka, in duba wa manyan biyun aikin makarantarsu, ƙarfe goma ta gota, sai a lokacin nake samun damar buɗe littafina. Makon jiya na farka ƙarfe biyu na dare na tarar kaina a kife kan tebur, biro a hannu, layin ƙarshe da na rubuta ya karkace ya gangara har bakin takarda.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, a aji ina gane darasi sarai, har nakan amsa tambayar da matasan suka kasa, amma bayan mako biyu sai in ji kamar ban taɓa jin sa ba. Shin shekaru ne suka fara aikinsu? Kuma yaya kuka yi da girki da hanya, ku da kuka kammala?

Malamin Manya:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Na daɗe ina koyar da ɗalibai masu iyali, kuma ina so ki fara cire maganar shekaru daga ranki, domin mantuwar da kika bayyana tana samun ɗan shekara 18 kamar yadda take samun ki. Wani Bajamushe mai suna Hermann Ebbinghaus ya gwada wannan a kan kansa, ya haddace jerin gaɓoɓin kalmomi marasa ma'ana yana auna abin da ya rage masa, ya wallafa sakamakon a 1885. Abin da ya gano shi ne mafi yawan zubewar tana faruwa ne da wuri, cikin awannin farko da yinin farko, sannan ta yi sauƙi, kuma duk lokacin da aka waiwayi abin, sake koyon sa yakan fi sauri. Saboda haka darasin da kika ji da safe ya fi bukatar minti goma a ranar, fiye da awa biyu bayan mako biyu.

A nan ne hanyar da kike ganin tana cinye miki rana za ta yi miki amfani. Awa uku a kwana huɗu awa 12 ke nan a mako, kuma a cikinsu babu wanda zai ce ki zuba masa abinci. Ban ce ki buɗe babban littafi a mota ba, domin mutane da yawa sukan ji jiri da tashin zuciya idan ido yana kan rubutun da ba ya motsi alhali kunnen ciki yana jin motsin mota. Abin da nake bai wa ɗalibaina shawara shi ne, kafin ki bar aji ki rubuta tambayoyi biyar daga darasin a kan ƙaramin kati, amsar tana baya. A hanya ki karanta tambaya, ki ɗaga kai, ki amsa a zuci, sannan ki juya. A 2006 masu bincike biyu a Amurka, Henry Roediger da Jeffrey Karpicke, sun nuna cewa ɗaliban da suka yi ta maimaita karanta rubutu sun fi ƙoƙari idan aka gwada su bayan minti biyar, amma bayan mako guda waɗanda suka rufe takarda suka yi ƙoƙarin tunowa su ne suka riƙe fiye. Maimaita karatu yana sa mutum ya ji kamar ya iya, kuma wannan jin ne yake yaudarar ɗalibai har ranar jarrabawa.

Aikin da ke bukatar tebur da natsuwa, kamar rubuta jinga ko lissafi, ki ware masa ranakun da ba ki fita, da safe, bayan yara sun tafi.

Ɗan Ajin Yamma:

Yaya, ni ma ina aiki da rana ina karatu da yamma. Abin da ya fisshe ni shi ne tashi ƙarfe uku na dare, lokacin da gida ya yi tsit, in yi karatu har gari ya waye. Da farko akwai wuya, amma jiki yana sabawa, kuma shekara biyu ko uku ne kawai za ki daure.

Mai Jikoki Biyu:

Ƙanwata, na kammala nawa ina da shekara 47, kuma zan yi miki magana a kan kicin, don a nan ne na fi shan wahala. Shekarar farko na ɗauka cewa idan ban ɗora tukunya sabuwa kowane dare ba na gaza a matsayina na uwa, sai da na kusa ajiye karatun kafin na gane cewa wannan doka ni na kafa wa kaina, babu wanda ya nema a gidan. Daga nan na koma yin babban girki sau biyu a mako. Abin da ya fi cin lokaci, wato wanki da yanka da niƙa, nakan gama shi a zama ɗaya, in rarraba dafaffen a ƙananan robobi daidai cin dare ɗaya, in rubuta ranar a murfi. A ranar makaranta aikina bai wuce ɗumamawa da haɗa abu guda mai sauƙi ba.

Sai dai ki kula da ajiya, domin a nan na yi kuskuren da har yau nake jin ciwonsa. Ana gobe jarrabawa na gama girki cikin dare, na ce bari tukunyar ta huce, barci ya ɗauke ni, ta kwana a kan murhu a lokacin zafi. Da safe na shinshina ban ji komai ba, na ɗan ɗumama na zuba wa yara. Na rubuta jarrabawar hankalina rabe, 'yata tana kwance a asibiti ana ƙara mata ruwa. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a waje, a ajiye shi cikin sanyin da ke ƙasa da digiri 5 a ma'aunin Salshiyas, ko a riƙe shi da zafin da ya haura digiri 60, domin tsakanin waɗannan biyun ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa da sauri. Idan za a ɗumama, a bari ya tafasa ko ya yi zafi har tsakiya. Abin da ke firji kada ya wuce kwana uku zuwa huɗu, na sauran mako ya tafi firiza. Idan ba ki da tabbacin sanyin zai ɗore, ki tsaya ga shirya kayan haɗi kawai, ki dafa na yini guda. Hanci ba ya gane kowace irin lalacewa.

Sannan ki zauna da maigidanki ki nuna masa jadawalin karatunki a rubuce, da ranakun gwaji da na jarrabawa. Ni na yi wata shida ina jin haushin nawa a zuci cewa ba ya taimako, ashe bai san nauyin da ke kaina ba, saboda kullum yana tarar da komai a kammale. Da ya ga takardar, shi da kansa ya karɓi duba aikin yara. Manyan naki kuma, idan sun kai su wanke kwano, ki sakar musu, ko da wankin farko bai yi miki ba.

Ma'aikaciyar Jinya:

Ina girmama ƙoƙarin ƙanenmu Ɗan Ajin Yamma, amma ban goyi bayan shawararsa ga wannan baiwar Allah ba. Ita ba ta kwanciya sai bayan ƙarfe goma, idan ta tashi ƙarfe uku barcinta bai kai awa biyar ba, alhali abin da likitocin barci suka tsayar ga baligi shi ne aƙalla awa 7. A cikin barci ne ƙwaƙwalwa take adana abin da aka koya da rana, don haka wanda ya yanke barci domin karatu yana rage amfanin karatun da kansa. Ga kuma wuta da wuƙa da take aiki da su, ga ƙaramin yaro a ƙafarta. Idan tana son karatun asuba, to ta daina na dare gaba ɗaya, ta kwanta tare da yara. Yaya, idan kuma gajiyar ta ci gaba bayan kin gyara barcin, ki je a auna jininki, domin ƙarancin jini ya yawaita ga mata kuma yakan zo da kasala da rashin tattara hankali.

Uwar Uku:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku da alheri. Malam, na gwada katin jiya a hanyar dawowa, cikin tambaya biyar uku na amsa, biyun da suka kuɓuce na sake su yau da safe kafin in sauka, sun zauna. Mama, na liƙa jadawalin a ƙofar kicin, kuma babbar 'yata ta karɓi wanke-wanken dare. Firizarmu ƙarama ce, ba za ta ɗauki abincin mako guda ba, don haka zan fara da na kwana uku. Maganar da ta rage ita ce ta maigida, na bari sai ranar da ba ya zuwa aiki, mu zauna a tsanake, kuma zan roƙe shi ya fara da makon jarrabawar da ke tafe.