"Ranar wanka ba a ɓoyon cibi": ta dace da zumuntar masu bi?

Mai tambaya:
Salama 'yan'uwa. Jiya a wurin nazarin Littafi Mai Tsarki muka zo kan Yakubu 5:16, inda aka ce mu riƙa furta wa juna zunubanmu, muna yi wa juna addu'a. Mai jagora ya ce ai ranar wanka ba a ɓoyon cibi, sai ɗakin ya yi tsit. Da aka zagayo karɓar roƙon addu'a, kowa "lafiya lau, sai godiya". Ni ma haka na ce, alhali wata uku ke nan na kasa yin addu'a ni kaɗai. Karin maganar ta dace da wurin kuwa?

Dattijo:
Ɗana, ta dace. Abin da take nufi shi ne idan lokacin faɗin abu ya yi, kunya ba ta da sauran amfani. Wanda ya je wurin likita ya ɓoye inda ke masa ciwo, kansa ya cuta.

'Yar ƙungiyar mawaƙa:
Baba, a yi mini haƙuri, amma wanka a makewayi ake yinsa, ba a bainar jama'a ba. Na taɓa buɗe cikina a taron addu'a na mata kan matsalar aurena. Kafin Lahadi ta zagayo, wata da ba ta ma halarci taron ba ta riƙe hannuna a ƙofar coci, ta langaɓe kai, wai "muna ta tunawa da ke". Tsegumi ne kawai aka sa wa rigar addu'a. Magana zarar bunu ce, tun ranar na kama bakina.

Malamin makarantar Lahadi:
Kin yi gaskiya 'yar'uwa. Ni abin da ke damuna ma daban ne. Yawancin waɗanda nake jin suna kawo karin maganar nan, shimfiɗa suke yi kafin su wanke wani tas. To cibin wa ake magana? Naka. Ba ta ba ka izinin yaye wa wani zane ba. In ɗan'uwa ne ya yi maka laifi, Matiyu 18:15-17 ta ce ka same shi ku biyu kaɗai tukuna, in ya ƙi ji ka ƙara mutum ɗaya ko biyu, sai a ƙarshe a kai ga ikkilisiya.

Wani ɗalibi:
Malam, to Bulus fa? A gaban kowa ya tsauta wa Bitrus a Antakiya.

Malamin makarantar Lahadi:
Domin a gaban kowa Bitrus ya janye daga cin abinci da al'ummai, wato waɗanda ba Yahudawa ba, har Barnaba ya bi sahu. Duba Galatiyawa 2. Annabi Natan kuwa da labarin 'yar tunkiyar matalauci ya shigo wa Sarki Dawuda don ya nuna masa zunubinsa, har sarkin ya yanke wa kansa hukunci da bakinsa. Wajen gyaran wani na fi son "gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba".

Dattijo:
Na karɓi gyaranki 'yata, waɗanda suka yi miki haka ba su kyauta ba. Sai dai shirun ma yana cin mutum. Toma ya faɗa wa sauran almajirai ƙiri-ƙiri cewa ba zai gaskata Yesu ya tashi daga matattu ba sai ya ga gurbin ƙusoshi a hannuwansa, kuma bayan kwana takwas yana nan a cikinsu, ba wanda ya kore shi. Kai mai tambaya, ba sai ka faɗa wa ɗaki guda ba. Nemi mutum ɗaya wanda ba ka taɓa jin sirrin wani a bakinsa ba.

Mai tambaya:
Na gode Baba. Akwai wani da ke zama a layin baya, bai cika magana ba. Shi zan tara bayan sujada.