Musayar baiti kan ƙaramin RNA (miR a taƙaice), sinadarin da ke zama linzamin ƙwayoyin jiki

Ɗan Zazzau:
Da sunan Allah zan waƙe ƙaramin RNA,
Harafi kusan ashirin da biyu ne tsawonsa.
Ba ya gina furotin, aikinsa guda,
Ya kama saƙon gado ya rufe bakinsa.
Masana Ambros da Ruvkun, a 1993,
Cikin 'yar tsutsa suka tono sirrinsa.
Nobel ta 2024 ta zo hannunsu,
Mai ja da ni ya fito da baitinsa.

Bakanon Dabo:
Bazazzagi, tsutsa ka kawo wa manya?
Taɓa fatarka, nan ake fafatawa.
Can ƙasanta furotin p63 ke ba da umarni,
Ƙwayoyi su yi ta rabuwa, ba tsayawa.
Sai miR-203 ya ja masa linzami,
Ƙwaya ta bar haihuwa, ta kama hawa.
Ta hau sama ta taurare ta zama garkuwa,
Ka ƙone, ka warke, ba ka san mai gyarawa.

Yaya Binta:
Kai, Bakano ya gama magana! Zariya a kawo ruwa.

Malam Mai Aruli:
Hajiya, a yi adalci. Ɗango na biyar ɗingishi yake, miR-203 bai zauna a kari ba. Rera shi ki ji.

Bakanon Dabo:
Allah gafarta Malam, sunan ne haka. In canza masa suna saboda kari?

Malam Mai Aruli:
Ka canza mazauninsa, ɗana. Amsa-amo kaɗai ba ya yin waƙa.

Ɗan Zazzau:
Na dawo, Bakano, ka tsaya a fata,
Kasuwa ta hana ka zurfafa bincike.
In DNA, kundin gado, ya lalace furotin p53 kan tashi,
Ya kira miR-34, shi ma ya farke.
miR-34 ya danne CDK4 da CDK6, masu ingiza rabuwa,
Rabuwa ta tsaya sai an duba an tsefe.

Yaya Binta:
"Tsefe" da "bincike"? Malam, wannan ba ka gani ba?

Ƙanwar Likita:
Yayyena ku bar faɗan kari ku ji ni,
Na yi jinyar mai sankara a asibiti.
miR-200 ke riƙe ZEB1 da ZEB2, masu sassauta ƙwayoyi,
Ƙwayoyi su manne da juna a saiti.
In ya ragu, E-cadherin, gam ɗin ƙwayoyi, ya sauka,
Ciwo ya bar mazauninsa ya bi jini.

Malam Mai Aruli:
Allah ya ba ta lafiya, 'yata. Ɗan Zazzau, gyara ɗangonka na ƙarshe, muna jira.