Injin ɗumama ɗaki na gas yana ba da wuta ruwan ɗorawa, dan Allah a taimaka

DanGwammaja_Abha:
Assalamu alaikum yan uwa. Ni harisi ne, wato mai gadi, a wata istiraha, gidan hutu kenan, a nan Abha ta Saudiyya, kuma duk wanda ya taɓa yin Disamba a garin nan ya san sanyinsa, hazo ya sauko har ba ka ganin motar da ke gabanka. To kafilina, wato uban gidana, ya siyo wani babban injin ɗumama na gas, irin wanda ake haɗawa da bututun iska yana hura zafi cikin ɗakuna, na hannu ne ɗan Amurka. Shekaranjiya wani fanni, wato mai gyara, ya zo ya haɗa shi da dabba, wato tukunyar gas, guda ɗaya, ya kunna ya ga ta kama ya karɓi kuɗinsa ya tafi, ko awo ɗaya ban ga ya yi ba. Yanzu wutar ruwan ɗorawa ce tana lilo, gefen murhun duk ya yi kunkunniya, in zai kama sai ya yi wani buum, kuma ɗakina jikin ɗakin injin yake, kwana biyu ina tashi da ciwon kai. Haka ake ko akwai matsala? Baƙi za su zo ranar Alhamis da yaransu.

Usta_Jidda:
Wa alaikumus salam. Yaro kafin ka gama karanta wannan tashi ka rufe kan dabbar nan ka buɗe tagogi, kar ka sake kwana a ɗakin yana aiki. Shekarata ashirin da wani abu a sana'ar nan kuma abin da ka faɗa ya tayar min da hankali.

Zatona injin nan na gas ɗin bututu ne, wanda ake ja wa gidaje a Amurka, shi kuma na dabbarmu LPG ne, haɗin furofen da butan. Ba ɗaya ba ne. Na dabba ƙarfin zafinsa ya ninka na bututu wajen sau biyu da rabi a awo ɗaya, shi ya sa ramin nozul ɗinsa, inda gas ke fitowa, ƙarami ne sosai. In ka tura shi ta babban rami gas ya fi ƙarfin iskar da ke shiga, sai ya ƙone rabi da rabi, ga kunkunniya ga iska mai guba da ake kira CO. Buɗe murfin gaba akwai farantin bayani a manne, duba ko an rubuta NAT (na bututu) ko LP (na dabba), da lambar ƙarfin gas da ke gaban kalmar manifold. Na bututu yawanci inci 3.5 na ruwa ne, na LP kuma wajen inci 10. Juya shi zuwa LP sai an canza nozul duka, an canza sifirin ɗin cikin bawul, sannan a saita da manomita, abin auna ƙarfin gas.

Ga kuma abin da masu aiki a Jidda ke mantawa in sun hau dutse, Abha ta haura mita 2,200 sama da teku, iskar can ba ta da kauri. Ƙa'idar Amurka ita ce in wuri ya wuce ƙafa 2,000 a rage ƙarfin inji kashi 4 cikin ɗari a kowace ƙafa 1,000, sai dai in littafin injin ya ba da nasa lissafin. Kenan nozul ɗinka ma sai ya fi na Jidda ƙanƙanta.

Sani_Dammam:
Ni a ganina ba sai an kashe kuɗi ba, a rage gas ɗin daga munazzim, abin daidaita gas na kan dabba, kawai har wutar ta koma shuɗiya, haka na yi wa murhun girkinmu kuma lafiya lau.

Usta_Jidda:
A'a ɗana, kar ka ba shi wannan shawarar. Murhun girki a fili yake kana kallonsa, wannan kuwa cikin dare yake kunna kansa mutane na barci. In ka shaƙe gas a babban rami wutar za ta rasa ƙarfin jan iska, ta ringa jinkirin kamawa, buum ɗin nan da ya ji ma shi ne gas ya taru kafin ya kama, kuma shi ke tsaga bututun zafin ciki. Launin wuta ba awo ba ne, na sha ganin shuɗiyar wuta tana fitar da guba.

BaMaiwurno:
Gaskiyar Usta. Ni ɗan Maiwurno ne a Sudan amma a Riyad nake aikin AC da ɗumama. Ɗan uwa in sabon fanni ya zo ka tsaya a kansa ka ga ya yi waɗannan. Ya shafa kumfar sabulu a duk mahaɗa, ba ashana ba wlh akwai masu yi. Ya auna ƙarfin gas kafin bawul da bayansa injin yana ci, in ya ce ba shi da manomita ko tiyon lebur na magina aka lanƙwasa aka zuba ruwa yana nuna incin, amma mutumin da ba shi da manomita ni ba zan bar shi ya taɓa bawul ba. Ya duba bututun hayaƙi ya fita waje kuma bai toshe ba, ya sa na'urar auna CO a cikinsa, iyakar da aka yarda 400 ppm ce a awon na'urar amma mai kyau ƙasa da 100 yake. Ya auna zafin iskar da ke shiga da wadda ke fita, bambancin ya faɗa cikin abin da farantin ya rubuta.

Sannan dabba ɗaya ba za ta riƙe shi ba, za ka ga jikinta ya yi raɓa har ƙanƙara ƙarfin ya faɗi, sai an jera da yawa ko a sa tanki, a waje, don gas ɗin nan ya fi iska nauyi ƙasa yake kwanciya in ya zuba. Wutar lantarki ma a duba, na Amurka 120 ne namu 230, da tiransifoma aka haɗa? In babu waya ta ƙasa mai kyau na'urar jin wuta za ta ringa kashe shi.

Maman_Hanan_Makka:
Ni ciwon kan ne ya dame ni ƙanina. Ina aikin jinya, iskar CO ɗin nan ba ta da wari ba ta da launi, ciwon kai da jiri da tashin zuciya su ne farkonta kuma yara ta fi saurin kayarwa. Ka je asibiti yau ka faɗa musu injin gas ne, su auna jininka. In wani ya galabaita a fito da shi iska a kira motar asibiti a 997, in warin gas ne 998 difa'ul madani, wato masu kashe gobara, kar a taɓa makunnin wuta. A sa ƙararrawar CO kusa da ɗakunan kwana.

DanGwammaja_Abha:
Allah ya saka muku da alheri. Baba Usta na duba, NAT aka rubuta da 3.5, kuma bututun hayaƙin ma a cikin silin ya tsaya bai fita ba. Na tura wa kafili hotuna, da farko ya ce in bari zuwa bayan Alhamis na ce masa ni dai ba zan kunna wa yaran mutane ba, ya yarda za a kawo daffaya, wato hita, ta lantarki. Anti yanzu zan wuce asibitin.

Usta_Jidda:
Madalla. Ɗauko min hoton lambar samfurin da ke farantin in ga wane kayan juyi ne nasa, kuma a ce wa fannin ya wanke kunkunniyar ya leƙa bututun zafin da fitila kafin ya ɗaura komai, in akwai tsaga a ajiye injin.