Wai "retin" ɗin 'yan wasan ces, me za mu kira shi da Hausa?

Salamu alaikum jama'a, ku zo ku raba mu gardama, jiya har bayan isha'i muna kai ba mu gama ba.

Ƙanena ne yake koya wa yaran unguwa ces, wasan nan na allo mai sarki da doki da Turawa ke kira chess, duk ranar Asabar a zauren maƙwabcinmu, yara sun fi goma amma allo uku ne kacal, ɗaya ma dokinsa ya ɓata sai murfin kwalba suke ɗorawa a gurbinsa. To akwai biyu a cikinsu da hannunsu ya faɗa sosai, yana so ya kai su gasar ƙasa, shi ne ya turo min sharuɗɗan shiga wai in mayar masa Hausa saboda iyayen yaran su san abin da za su sa wa hannu. Na ce kawo, wannan ai aikin minti goma ne.

Rajista dai rajista ce, ta riga ta zama 'yar gida, ba mai tayar da ita. Kuɗin shiga, ranar rufe rajista, shekarun haihuwa, duk na wuce su a guje. Lambar da hukumar ces ta duniya, wato FIDE, take ba kowane ɗan wasa na ce lambar shaida, ba wanda ya yi musu. Sai na iso inda aka ce kowa ya rubuta retin ɗinsa, wato lambar da ke nuna ƙarfin ɗan wasa, kuma wani rukunin sai wanda retin ɗinsa bai kai kaza ba, wallahi nan biro ya tsaya.

Kafin wani ya ce to shi kansa ces ɗin fa, na sani, wasu suna cewa dara. Ni dai ban yarda ba, dararmu ta gindin bishiya ramuka 30 ce, kowa da 'ya'ya 12, ka jera uku ka ci ɗaya, shi kuwa wannan gida 64 ne kowa da 16 har da sarki. Malamai suna da shaɗaranji daga Larabci, Barebari ma suna da nasu tsatsarandi tun da can a fadar Borno. Amma wannan rigimar wata rana ce, yau retin ne a gabanmu.

Abin da ya fara zuwa bakin kowa shi ne maki. Ƙanena ma shi ya kafe a kai. Matsalar ita ce maki yana da aikinsa a cikin gasar, ka ci wasa maki ɗaya, canjaras rabin maki, an cinye ka ba ka da komai, ana gama gasa a tattara a ba da kofi shi ke nan maki ya mutu, gasa ta gaba kowa daga sifiri zai faro. Shi kuwa retin ba ya mutuwa, yana bin ka daga gasa zuwa gasa, daga Kano zuwa Legas zuwa Alƙahira. Yanzu in ka rubuta wa uban yaro cewa ɗanka ya samu maki 5 kuma makinsa ya koma 1520, ai ka rikita bawan Allah.

Wani abokinmu ya ce matsayi. Shi ma da mai shi, matsayi shi ne rankin, wato kai ne na ɗaya ko na goma ko na ɗari a ƙasa. Kana kwance a gida ba ka taɓa allo ba matsayinka zai iya faɗuwa don kawai wani ya wuce ka, alhali lambarka tana nan inda ka bar ta. Abu biyu ne daban.

Daraja kuwa ni na fara kawo ta kuma ni na fara janye ta. Ku gwada faɗa da baki ku ji, "yaron nan ba shi da daraja". A gaban ubansa! Ai sai a yi dambe a zauren. Haka ma ƙima. Kuma ko ba wannan ba daraja ta fi kama da laƙabobin nan da ake bayarwa na har abada, Giranmasta da sai ka taɓa 2500 tare da wasu sharuɗɗan, Masta na duniya 2400, Mastan FIDE 2300, waɗannan in ka samu ka samu ko da daga baya hannunka ya yi sanyi, kamar sarauta ce. Retin kuwa yau ya hau gobe ya sauka.

Bari in ɗan faɗi yadda abin yake aiki, don sai an san kan abu ake raɗa masa suna. Wani malamin fiziks ne ɗan asalin Hangari da ya zauna a Amurka, Arpad Elo, ya tsara lissafin, hukumar ces ta Amurka ta ɗauka a 1960, FIDE ta bi a 1970. Kafin ku zauna wasa lissafi ya riga ya yi hasashen wa ya fi, daga tazarar da ke tsakanin lambobinku. In ka fi mutum da 200 ana sa ran ka kwashe wajen kashi 76 cikin ɗari na makin da ke tsakaninku. To sai a duba abin da ya faru a kan allo a gwada da hasashen. Misali sabon yaro mai 1500 ya kayar da wani babba mai 1700, yaron zai ƙaru da wajen 30, saboda sabon shiga da 40 ake ninka masa bambancin da ke tsakanin hasashen da abin da ya faru har sai ya buga wasa 30, shi kuma babban da 20 ake ninka nasa, zai zubar da wajen 15. Da babban ne ya ci, abin da zai samu bai wuce 5 ba, don ai abin da aka zata ne ya faru. Wanda ya taɓa kai 2400 kuwa da 10 kawai ake ninkawa, shi ya sa na manya yake tafiyar hawainiya. Magnus Carlsen ɗan Nowe shi ya kai inda ba wanda ya taɓa kaiwa, 2882 a 2014, a Afirka kuma Bassem Amin na Masar ne ya fara haura 2700.

Wato dai ba tarawa ake yi ba kamar asusu, gwada ka ake yi da na gabanka.

Ina cikin wannan dogon bayanin ne baban ɗaya daga cikin yaran, Alhaji ne mai sayar da hatsi, yana kishingiɗe a tabarma yana jan carbi kamar ba ya jin mu, sai ya ɗago ya ce "yo ɗan nan duk wannan surutun, ba awo ake musu ba?" Muka yi tsit. Na ce Baba maimaita. Ya ce awo mana, ka ɗora wannan ka ɗora wancan ka ga wanda ya rinjaya.

Tun daga nan nake juya kalmar a baki kuma gaskiya ba ta ba ni kunya ba. Awonsa 1650. Awonta ya hau wannan watan. Mai awo da marar awo, ka ga "marar awo" ba zagi ba ne, yana nufin ba a kai ga auna shi ba tukuna, kuma haka abin yake, don FIDE ba ta ba ka awo sai ka buga aƙalla wasa 5 da masu awo, kuma tun Maris ɗin 2024 mafi ƙanƙantar awon da take fitarwa 1400 ne, da can 1000 ne. Gasar da ake lissafa sakamakonta sai mu ce gasar awo. Jerin da FIDE take fitarwa farkon kowane wata, jerin awo. Shi kuma tsarin lissafin gaba ɗaya a bar masa mizani, mizanin Elo, don wani malamin Hausa da ke wurin ya so a ce ma'auni ko mizani ga ita lambar, na ce ranka ya daɗe malam ma'auni ai shi ne abin da ake awon da shi, mudu ne ko sikeli, ba abin da sikelin ya nuna ba. Ya yi dariya ya ce na ci wannan.

Har maguɗin ma ya samu suna a kyauta. Akwai masu faɗuwa da gangan don lambarsu ta sauka su samu shiga rukunin ƙanana su kwashe kuɗin kyauta, wanda saboda irinsu ne masu shirya gasa suke faɗar jerin watan da za a yi aiki da shi, wasu ma su ce mafi girman abin da ka taɓa kaiwa za a duba. Alhaji na jin haka ya ce wannan ai tauye mudu ne. Tauye awo ke nan, ba sai an je nesa ba.

Ƙanena dai har yanzu bai sauko ba, hujjarsa wai da ka ce awo mata za su tuna awon ciki, yara kuma za su yi ta tsokanar juna an kai wane awo hhh. Na ce to ai awon gari ma akwai, awon fili akwai, awon ido akwai, ba wanda ya taɓa zuwa asibitin ido aka tura shi ɗakin masu ciki. Ya kuma ce 'yan wasa sun riga sun saba da retin ba za su bari ba. Wannan kam gaskiyarsa, a tsakaninsu su ci gaba da abinsu, ni takardar iyaye aka ba ni.

Ga yadda na rubuta layin a ƙarshe, ku duba min: "Duk mai son shiga ya yi rajista da sunansa da lambar shaidarsa ta FIDE, ya kasance a ƙarƙashin tutar Najeriya yake wasa. Za a raba rukuni bisa awon kowa kamar yadda ya fito a jerin awo na watan gasar. Marar awo zai shiga rukunin farko."

Saura abu ɗaya da ya gagare mu. Wanda ya shekara guda cur bai buga wasan awo ko ɗaya ba FIDE tana sa masa alamar cewa ba ya wasa, lambarsa tana nan amma a cire shi daga jerin masu matsayi, kuma wasu gasannin ba sa karɓar irin wannan. Alhaji ya ce a ce awonsa ya yi kwantai, ni kuma ina ganin kamar da ɗan cin fuska a ciki, na fi son awonsa ya kwanta. 'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram, ku da kuke fama da Faransanci a nan wurin, yaya kuke cewa? Ranar Alhamis zan kai wa mai buga takarda, kafin nan ina jin ku.