Ruwa ya janye a Dagona, a ina zan ja layin fadama?

Ɗalibar Gashuwa:
Assalamu alaikum. Ina ajin ƙarshe a jami'a, aikin kammalawata shi ne zana taswirar iyakar fadama a wani ɓangare na Dagona, matattarar tsuntsayen nan ta ƙaramar hukumar Bade a Yobe, wadda ke ƙarƙashin gandun dajin ƙasa na yankin Tafkin Chadi. Na samu izini, wani ma'aikacin gandun ya raka ni a watan Maris. Na bi bakin ruwa da GPS ɗin wayata, na dawo ina murna. Malamina na dubawa ya ce, "Wannan ai iyakar ruwan Maris ce, ina ta fadama?" Na rasa ta cewa, don kuwa inda na taka busasshiyar ƙasa mai tsage-tsage, mai rakiyata ya ce a Satumba sai da kwalekwale. Kafin damina zan miƙa aikin. Jama'a, yaya zan yi?

Mai Awon Gona:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ajiye wayar tukuna, ki nemi shebur. Ki fara daga bakin ruwa ki miƙe zuwa tudu, duk taku ashirin ki haƙa rami kamar kamu ɗaya. Ƙasar da ke kwana cikin ruwa wata da watanni ba ta samun iska, sai sinadarin ƙarfen da ke cikinta ya sauya, ta koma ruwan toka, da ɗigo-ɗigo kamar tsatsa a jikin saiwoyi. Ta tudu kuwa ja-ja ce, ga rairayi. Tsakanin ramin ƙarshe mai ruwan toka da na farko mai ja, nan za ki danna GPS. Sai dai baƙar laka tana ɓoye launin nan, ta sha ba ni wuya. In kin ci karo da ita ki ɗaga kai ki dubi tsirrai. Bado da kachalla na inda ruwa ke daɗewa ne. Giyayya da bagaruwa suna jure ambaliya ta shekara-shekara, kuma a jikin giyayya za ki ga zoben dattin da ruwa ya bari. Da kin fara ganin sabara, kin hau tudu.

Ɗan Taswira:
Ƙari a kan na Malam Mai Awo: damina ta wuce, amma hotonta na nan. Hotunan tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 kyauta ne, kowane ɗigo mita 10 ne a ƙasa. Ki sauke na ƙarshen Satumba ko Oktoba, na Agusta gajimare ke rufe shi. Ki ɗauki na shekara uku ko huɗu ki ɗora su a manhajar zana taswira ta QGIS. Ki kula, ruwan da kachalla ta lulluɓe kore yake fitowa, sai ki zaci gona ce.

Kawu na Nguru:
'Yata, ni ba ɗan boko ba ne sosai, amma a bakin ruwan nan na girma. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ruwan bai sake zuwa yadda iyayenmu suka san shi ba. Ga kachalla ta toshe hanyoyinsa, wani wurin ya bushe, wani wurin da ake noman gero ya zama tafki. Don haka ramin Malam zai iya nuna miki fadamar da ruwa ya rabu da ita tun kafin a haife ki. Ki je ki gai da mai gari, ya haɗa ki da masunta da manoman shinkafa, su taka miki inda ruwa ya tsaya bara da bara waccan. Amma ki fara gaya musu karatu kike yi. Mutumin ƙauye in ya ga baƙo da igiyar awo, gonarsa yake tunawa.

Ɗalibar Gashuwa:
Allah ya saka da alheri. Na koma ranar Asabar da ƙanena, shi ya riƙe shebur. Mun yi layi huɗu, rami 31, hannunsa duk ya yi kanta. A layi uku komai ya zo daidai: launin ƙasa, zoben giyayya da hoton Oktoba, tazararsu ba ta kai taku goma sha biyar ba, har ɓawon katantanwa muka tsinta a wurin. Layi na huɗu ne ya fito da maganar Kawu. Ƙasa ruwan toka ce har cikin wani fili mai nisa, amma hoton shekara huɗu bai nuna ruwa a nan ko sau ɗaya ba. Wani dattijo mai gyaran koma ya ce yana yaro suna kama tarwaɗa a wurin. Yanzu layi biyu na zana a taswirar, shuɗi na inda ruwa ke kaiwa a shekarun nan, da ja mai tsinke-tsinke na tsohuwar fadama. Malam Mai Awo, filin da ke tsakaninsu, in lissafa shi cikin kadadar fadama ko in ware masa shafinsa? Laraba zan ga malamina.