Albashin Dakta da Kuɗin Hannun Kawu

Wannan muhawara ta ɓarke ne a zaurenmu na zumunci a WhatsApp, daren Asabar bayan isha'i, kan maganar Abba ɗan Baffa Sule.

Baffa Sule: Salamu alaikum. Ina so dangi su shaida. Abba ya zo min da maganar wai ya haƙura da karatun likita, zai bi Bala hawa rufin mutane yana kafa sola. Sau biyu kacal ya zana JAMB. Ni ban amince ba. Yaron da Allah ya ba kai ba zai ƙare a kan tsani ba.

Kawu Bala: Wa'alaikumus salam. Yaya Sule, a kan tsanin nan na gina gida, a kansa na biya wa Inna Makka. Tunda kuma an taɓo wurin, bari in amayar da abin da ya daɗe a raina. Ni ban ga dalilin da zai sa a ce dole likita ya fi mai sana'ar hannu samu ba. Shi ya iya jikin mutum, ni na iya wuta. In ya kuskure, mutum ɗaya ne zai tafi. In na haɗa waya ba daidai ba, gida guda zai kama da wuta, mutanen ciki suna barci.

Nura: Kawu ka gama magana. Ni motar haya mai cin mutum 18 nake ɗaure wa birki. Ran mutum 18 a hannuna, amma in na ce dubu biyar sai direba ya ce na tsawwala.

Dakta Hauwa: Kawu ina wuni. Ina kol a asibiti, wato jiran aikin gaggawa, amma wannan ba za ta wuce ni ba. A fara da lissafin shekaru. Shekara shida a jami'a, in ba a yi yajin aiki ba, kuma an yi mana. Shekara ɗaya ta horo a asibiti kafin a ba ka cikakken lasisi. Shekara ɗaya bautar ƙasa. Yanzu ina shekara ta huɗu a neman ƙwarewa kan haihuwa, ban gama ba, ga jarrabawa da kuɗinta daga aljihuna. Sa'o'ina da suka kama sana'a tun muna aji uku sun aurar da ƙannensu, ni ina haddar sunayen jijiyoyi.

Kawu Bala: 'Yata, kin ɗauka mu daga sama muka faɗo da iyawa? Shekara bakwai na yi a hannun ogana a Sabon Gari. Shekara biyun farko ban taɓa waya ba, daga ɗaukar tsani sai fasa bango da kurfi sai sayo masa abinci. Ba albashi, sai kuɗin ƙosai in ya ga dama. Bambancin kawai, ku ana yi muku hoto da hula mai tuntu ranar gamawa, mu kuwa ranar yaye oga ya ba ni filaya da abin gwada wuta ya ce Allah ya sa albarka.

Dakta Hauwa: Ban raina ba wallahi. Amma ka ce in ka kuskure gida zai ƙone. Kai kana da damar kashe wutar, ka sauko, ka sha ruwa, ka kira oganka ka tambaya. Makon jiya an kawo min mata ƙarfe uku na dare, ta haihu a gida, jini ya ɓalle, idonta ya yi fari fat. Babu makunnin da zan kashe in ce ta jira gari ya waye. Abin da zan yi cikin minti goma shi ne tsakaninta da kabari, da ikon Allah. Wannan ake biya, ba hular hoto ba.

Gwaggo Rabi: Ta rayu dai ko?

Dakta Hauwa: Ta rayu Gwaggo, leda uku ta jini aka ƙara mata. Mijin ma bai san sunana ba.

Baffa Sule: Kun ji ko. Ga kuma haɗari. A 2014 da Ebola ta shigo Legas, likita ce, Stella Adadevoh, ta hana Patrick Sawyer, mutumin da ya shigo da cutar, fita daga asibiti, ta ɗauki cutar ta rasu. Da ya fita cikin Legas, Allah kaɗai ya san inda abin zai tsaya. A nan Kano ma, farkon 2020, zazzaɓin Lassa ya kashe likitoci bayan sun yi wa mara lafiya aiki.

Dakta Hauwa: Kuma Baffa, shekara da shekaru alawus ɗin haɗari na likita a ƙasar nan naira dubu biyar ne a wata. Dubu biyar. Sai ƙarshen 2021, bayan korona da yajin aiki, aka ɗaga shi.

Nura: Yaya Hauwa, ku kun samu dubu biyar ɗin ma. Ni nawa ne alawus ɗina ranar da jak ya zame mota ta danne min yatsa? Wata biyu ban riƙe sifana ba, wata biyu ba ko sisi. Ke in kin kwanta ciwo albashinki yana shiga. Mu ranar da hannu ya tsaya, tukunya ta tsaya.

Anti Zainab: Ku dakata, ni ma'aikaciyar jinya ina da ta cewa. Ana ta likita, likita. Waye yake kwana a kan mara lafiya? Dakta ta zo ta duba ta rubuta ta wuce gado na gaba. Mu ne allura, mu ne wankin gyambo, mu ne juya tsoho kada ya yi ciwon kwanciya, mu ne shan zagin 'yan jinya. Amma tsarin albashinsu daban, CONMESS, namu daban, CONHESS, kuma duk lokacin da ƙungiyarmu ta nemi a matso da mu sai a ce ai ba ɗaya muke ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Dakta Hauwa: Anti, wannan faɗan cikin gida ne, kada ki kai mu gaban Kawu. In aka samu matsala a kan wannan majinyacin, sunan wa ake nema a fayil?

Anti Zainab: Naki. Shi ya sa ban ce a daidaita mu ba. Na ce dai tazarar ta yi yawa.

Gwaggo Rabi: Ni duk kun ba ni dariya. Da can a garin nan waye likita? Wanzami. Shi ne kaciya, shi ne ƙaho, shi ne cire beli ranar suna. In ƙashi ya karye sai maɗori, haihuwa sai ungozoma. Duk masu sana'a ne kamar maƙeri da majemi, gadonta ake yi, kuma kowa da sarkinsa. Ba wanda ya ce wanzami ya fi maƙeri. Boko ne ya zo ya sa wa ɗaya farar riga ya bar ɗaya da baƙin mai.

Dakta Hauwa: Gwaggo, da girmanki, cire belin nan har gobe muna karɓar jarirai da ya jawo musu zubar jini. Ba farar riga ce ta raba mu ba.

Gwaggo Rabi: To na ji, 'yar boko. Amma ku masu cewa mai sana'a yana samu, ku zo shagona na ɗinki bayan Sallah. Azumi ba na barci, keke har asuba, kuɗi suna shigowa. Daga nan sai wata uku ina korar ƙuda. Ga littafin bashi, rabinsa sunayen 'yan wannan zauren ne, ban dai faɗa ba.

Nura: Gwaggo a rufa asiri.

Dakta Hauwa: Bari in fasa ƙwan kowa ya huta. Wai waye ya ce muku likitan gwamnati ya fi Kawu samu? Kawu, tsakani da Allah, aikin da ka yi wa Alhajin nan a Nasarawa, faifan sola 16 da batura, nawa ne kuɗin hannunka?

Kawu Bala: Sirrin kasuwa ne.

Dakta Hauwa: Ka faɗa min da bakinka ranar sunan Ummi. Kwana biyar ka yi, abin da ka karɓa ya haura albashina na wata. Da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kowa ya gudu daga janareta ya koma sola, kai ka ƙara kuɗin aikinka washegari, ba ka nemi izinin kowa ba. Ni kuwa kafin a ƙara min naira ɗaya sai ƙungiya ta ba da wa'adi, a tafi yajin aiki, a zauna a Abuja, a sa hannu a takarda, a manta da takardar, a sake tafiya yajin aikin. Jama'a kuma su ce ba mu da tausayi.

Kawu Bala: Wannan aikin ɗaya kika gani. Ba ki ga yara uku da na sallama a ciki ba, da wata guda da na yi kafin nan ba kira ko ɗaya. Kuma ke kina da fansho.

Baffa Sule: Bala, kada ka yi min maganar fansho. Shekara 35 na yi ina koyarwa. Kai ka san sau nawa na je tantancewa da fayil a hammata.

Anti Zainab: To Baffa, kai da kanka ka rushe hujjarka.

Baffa Sule: Ban rushe ba. Ni ba kuɗi nake nema wa Abba ba, daraja nake nema masa. Kuma ko kuɗin ne, likita yana da ƙofar da Bala ba shi da ita. Ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya faɗa a 2024 cewa likitoci wajen dubu 16 sun bar ƙasar nan cikin shekara biyar. Ingila, Amurka, Saudiyya. Har Abuja Saudiyya ta zo ɗibar su. Da ba su da tsada, da ba a zo nema ba.

Dakta Hauwa: Rabin ajinmu sun tafi, Baffa. Shi ya sa nake kol sau uku a mako. Kuma maganin da wani ɗan majalisa ya kawo a 2023 shi ne a hana mu cikakken lasisi sai mun yi shekara biyar a gida. A ɗaure akuya maimakon a ba ta dusa.

Kawu Bala: Yaya Sule, ai hujjarka tawa ce. Likitocinmu suna fita, masu sana'ar wasu ƙasashe suna shigowa. Je ka manyan gine-ginen Abuja ka tambayi masu sa tayil da masu silin daga ina suke. Togo da Kwatano za ka ji. Mai gida ya gwammace ya biya baƙo ninki biyu don layin tayil ɗinsa ya miƙe. Ke nan ƙwararren hannu ma tsada gare shi, mu ne ba mu da shi da yawa.

Dakta Hauwa: Yauwa, Kawu, nan nake jiranka. Ni in na yi ganganci, akwai majalisar likitoci, MDCN, za ta kira ni, za ta iya ƙwace lasisina, shekara goma sha biyun nan su bi ruwa. Duk shekara sai na sabunta shi. Kai in gidan ya ƙone, waye zai ƙwace filayarka?

Kawu Bala: Babu. Kuma wallahi nan ne ciwon yake, kin taɓa min gyambo. Duk yaron da ya yi wata shida yana riƙe tsani sai ya buga kati ya rubuta injiniya. Watan jiya aka kira ni wani gida, bango yana ɗumi kamar an dafa shi. Na fasa, sai na tarar an ja wa na'urar sanyaya ɗaki waya mai milimita 1.5, inda ya kamata a sa 4. Robar ta narke ta manne da bututu. Maigidan ya ce ai wancan yaron rabin kuɗina ya karɓa. Haka ake karya mana farashi. Mai gida ba shi da hanyar bambance ni da shi sai bayan gobara.

Anti Zainab: Mu ma muna da su. Mai kemis da ke ɗaura ruwa a bayan kanta.

Dakta Hauwa: Muna da su, amma shi doka ta san ɓarawo ne. Na Kawu kuwa da wuya ka ga an bibiye shi.

Nura: To ni dai na sassauto kaɗan. Ƙwararren likita ya fi ni, na yarda, don in na lalata injin akwai wani a kasuwar Ƙofar Ruwa, mutum kuwa ba shi da kayan gyara. Amma ban yarda duk mai farar riga ya fi duk mai baƙar riga ba.

Kawu Bala: Ni ban sassauto ba. Ɗakin tiyatarta ma in wuta ta ɗauke ni ake kira.

Baffa Sule: Kuma in wutar ta ja ka, wurinta za a kai ka.

Abba: Salamu alaikum. Baba, Kawu, ku yi haƙuri in sa baki. Ni ba lissafin wa ya fi samu na yi ba. Ranar da Yaya Nura ya ji ciwo ni na raka shi asibiti, da na ga yatsan sai da aka fitar da ni waje aka ba ni ruwa. Ban faɗa wa kowa ba. Amma inbatar gidanmu da ta lalace ni na buɗe ta na gano fis ne, kuma daɗin da na ji ranar ban taɓa jin irinsa a aji ba. Ina so in bi Kawu da rana, in nemi gurbin karatun lantarki a kwalejin fasaha, don in samu takardar da Yaya Hauwa take magana.

Gwaggo Rabi: Ashe suma ka yi, ɗan nema.

Baffa Sule: Za mu yi magana a gida. Bala, ka biyo gobe bayan la'asar. Ban ce na yarda ba.

Kawu Bala: In sha Allahu, Yaya. Hauwa, tunda kina kusa, cikon kuɗin batirin nan fa? Wata uku ke nan.

Dakta Hauwa: Kawu, alawus ɗinmu bai shigo ba. An kawo mai naƙuda, sai da safe.

Kawu Bala: Allah ya raba lafiya. Zan sa a littafin Rabi.